Yarjejeniyar da Ke Cikin Bayit: Bitar Babi na 4 na Littafin Martin Kleppmann

Littafi: Designing Data-Intensive Applications
Marubuci: Martin Kleppmann
Maɗaba'a: O'Reilly, Amurka
Shekara: 2017, bugu na farko
Sashen da aka duba: babi na 4, Encoding and Evolution

Littattafan kimiyyar kwamfuta ba su cika tsawon rai ba. Akasari akan rubuta su ne a kan wata manhaja da ke tashe, kafin a yi damina uku manhajar ta sauya kama, littafin kuma ya koma shan ƙura a kanta. Littafin Martin Kleppmann yana cikin 'yan ƙalilan da suka kuɓuta daga wannan. Tun fitowarsa ya zama abin da injiniyoyin manhaja ke miƙa wa sabon shiga idan suna so ya gane yadda rumbunan bayanai da manyan hidimomin intanet ke aiki ta ciki, har wasu ba sa wahalar kiran dogon sunansa, sai su ce littafin nan mai aladen daji a bango. Marubucin mai bincike ne a Jami'ar Kambirij da ke Ingila, amma ya taɓa kasuwa kafin nan: yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Rapportive, wanda LinkedIn ya saya a 2012, ya kuma yi aiki a LinkedIn ɗin kan tsare-tsaren bayanai masu ɗimbin yawa. Ana jin haka a alƙalaminsa. Bayaninsa na malami ne, misalansa kuwa na wanda ya san ciwon abin.

Babi 12 ne a littafin, an kasa su gida uku. Masu karatu sun fi yabon kashi na biyu, inda ake maganar rarraba bayanai a kwamfutoci da yawa da yadda suke cimma matsaya guda. Ni babi na 4 nake so in tsaya a kai, wanda ya rufe kashin farko, domin shi aka fi saurin tsallakewa. Batunsa shi ne yadda ake ƙunshe bayanai su zama jerin bayit, ta yadda manhajar da aka rubuta da wani harshe za ta kwance abin da manhajar wani harshen ta ƙunsa. Abin da aka fi tunawa da shi a babin shi ne lissafin bayit, wane zubi ya fi wane ƙanƙanta. A ganina darajarsa tana wani wuri daban: ya nuna cewa matsalar ta lokaci ce, ta mutanen da ba za su taɓa sabunta manhajojinsu a rana ɗaya ba, kuma duk da haka dole su ci gaba da fahimtar juna.

Inda matsalar take

A cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta bayanai ba a jere suke ba. Manhaja na iya ajiye sunan mutum a wani lungu, jerin lambobin wayarsa a wani, sannan ta riƙe adireshin kowane lungu don ta same su da sauri. Wannan adireshi ba shi da wata ma'ana a wata kwamfutar, ko ma a kwamfutar nan idan aka rufe manhajar aka sake buɗewa. Saboda haka duk lokacin da za a aika bayani ta waya ko a ajiye shi a faifai, sai an shimfiɗa shi a layi ɗaya, bayit bayan bayit, kowane bayit kuwa bit takwas ne, ba ya ɗaukar abin da ya wuce 0 zuwa 255.

Da harsunan shirya manhaja sun yarda da juna a kan ma'anar lamba da rubutu, da abin ya zo da sauƙi. Ba su yarda ba. A Python lamba cikakkiya na iya girma iyakar yadda ƙwaƙwalwa za ta ɗauka. A C yawanci bit 32 ke gare ta. Lambobin Java cikakku duk suna iya zama ƙasa da sifili, alhali Go yana da nau'in da ba ya sauka ƙasa da sifili ko kaɗan. JavaScript kuwa ya daɗe yana da nau'in lamba guda ɗaya tak, mai ɗigo, ko da abin da ake ƙirgawa mutane ne. Kleppmann bai ɓata shafuka yana jero waɗannan bambance-bambance ba. Ya ɗauki bayani guda ƙarami, sunan mutum da lambar da ya fi so da jerin abubuwa biyu da yake sha'awa, ya bi da shi ta zubi daban-daban, yana zana kowane bayit a cikin akwatinsa. Wannan ita ce dabarar koyarwa mafi kyau a babin. Mai karatu yana ganin abu ɗaya yana sauya sutura, sai idonsa ya kama bambancin tun kafin a yi masa bayani.

Ya fara da hanyar da ta fi jan malalaci, wato kayan ƙunshewa da kowane harshe ya zo da su daga gida: Serializable na Java, pickle na Python, Marshal na Ruby. Layi ɗaya mutum zai rubuta, an gama. Hukuncin marubucin a kansu gajere ne, kuma daidai ne: suna ɗaure ka da harshe ɗaya na shekaru, ba su damu da sauyin siga ba, sannan mai kwancewa yana iya gina duk irin abin da saƙon ya umarce shi ya gina, wanda hakan ƙofa ce a buɗe ga ɓarawo. Ba tsoratarwa ba ce kawai. A ƙarshen 2015 an nuna yadda saƙo guda da aka ƙera da mugun nufi zai sa manhajojin Java irin su WebLogic da WebSphere da JBoss da Jenkins su aiwatar da umarnin baƙo. Bayan fitowar littafin ma abin ya sake ɓullowa ta wata fuska: fayilolin ƙirar basirar na'ura da ake rabawa a intanet, da yawansu da pickle aka ƙunshe su, har kamfanin Hugging Face ya fito da zubin safetensors domin fayil ya zama lambobi zalla, ba umarni ba.

Zubin da ido ke karantawa

Daga nan ya juya ga JSON da XML da CSV, waɗanda mutum zai buɗe ya karanta da idonsa. Abin da ya burge ni shi ne bai yi musu kallon raini ba, kamar yadda masu ƙaunar zubi na bayit suka saba. Ya faɗi aibinsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya amince cewa tsakanin kamfani da kamfani samun abin da kowa ya yarda da shi ya fi kyan zubi muhimmanci.

Babban aibin yana wajen lamba. XML da CSV ba sa bambanta lamba da rubutun da aka yi da alƙaluma. Duk wanda ya taɓa buɗe jerin lambobin waya a Excel ya tarar sifilin farko na 0803 ya ɓace, ya riga ya san wannan ciwo, ko da bai san sunansa ba. JSON ya bambanta su, amma bai faɗi girman lamba ba. A JavaScript, da zarar lamba cikakkiya ta haura 9,007,199,254,740,992, wato 2 da aka ninka da kanta sau 53, sai alƙaluman ƙarshe su fara gurɓata ba tare da wani gargaɗi ba. Misalin da marubucin ya kawo na Twitter ne: lambar shaidar kowane saƙo bit 64 ce, don haka kamfanin ya riƙa aiko da ita sau biyu a amsa guda, ɗaya a matsayin lamba, ɗaya a matsayin rubutu, domin manhajojin JavaScript su ɗauki ta biyun. Ƙaramin labari ne, amma ya ishi mai hankali. Aibi na biyu shi ne waɗannan zubi ba su da wurin ajiye ɗanyen bayit kamar hoto ko murya, sai an mayar da su haruffa ta hanyar Base64, wanda ke ƙara girman kaya da kashi ɗaya cikin uku.

Sai tsanin lissafin bayit da ya yi suna. Bayanin nan guda ya ci bayit 81 a JSON. A MessagePack, wanda JSON ne da aka mayar bayit, ya ci 66. A Thrift na Facebook ya ci 59 da zubinsa na fili, 34 da matsattsen zubinsa. A Protocol Buffers na Google 33, a Avro 32. Mai karatu mai gaggawa zai ɗauki wannan a matsayin gasar tsere, ya ce Avro ya lashe da bayit ɗaya. Amma tazarar da ke da ma'ana tana tsakanin 66 da 34, kuma dalilinta ɗaya ne. MessagePack yana ɗauke da sunan kowane gurbi a cikin kowane saƙo, sauran kuwa sun fitar da sunayen sun ajiye su a wata takarda ta daban, takardar tsari, wadda mai aikawa da mai karɓa duk suke riƙe da ita. Marubucin da kansa ya nuna shakkar ko ragin bayit 15 ya kai a sadaukar da saƙon da ido ke iya karantawa, kuma ina tare da shi a nan.

Yadda ya warware ƙananan dabarun ma abin yabo ne. Lambar da ke cikin misalin ita ce 1337. Maimakon a ware mata bayit takwas, Protocol Buffers yana cin bit bakwai na kowane bayit don lambar, na takwas ya zama alamar ko akwai saura a gaba. 1337 ita ce 128 sau 10 da ɗoriyar 57, saboda haka bayit na farko ya ɗauki 57 da alamar akwai saura, na biyu ya ɗauki 10 ya rufe. Bayit biyu ke nan. Haka kuma lambar gurbi da nau'insa ana cusa su a bayit ɗaya muddin lambar ba ta wuce 15 ba. Wanda ya bi zanen da fensir sau ɗaya, ba zai ƙara ɗaukar waɗannan zubi a matsayin siddabaru ba.

Zuciyar babin

Tun a shafukan farko Kleppmann ya kafa ma'auni biyu, ya kuma auna kowane zubi da su har ƙarshe. Na farko jituwa da na baya: sabuwar manhaja ta iya karanta abin da tsohuwa ta rubuta. Na biyu jituwa da na gaba: tsohuwar manhaja ta iya karanta abin da sabuwa ta rubuta. Na farkon ba wuya, domin mai rubuta sabuwar ya san tsohon zubi. Na biyun shi ne gagarumin aiki, domin ana neman manhaja ta yi haƙuri da abin da ba a ƙirƙira ba lokacin da aka rubuta ta.

Me ya sa ba za a sabunta komai lokaci ɗaya a huta ba? Domin babban kamfani ba ya kashe kwamfutocinsa duka, kaɗan-kaɗan yake sauya su yana dubawa ko an samu matsala. Domin kuma mai waya yana iya shekara biyu bai sabunta manhajar bankinsa ba, ko don tsadar data ko don wayar ta cika. A kowane lokaci tsoho da sabo suna aiki kafaɗa da kafaɗa, suna aika wa juna saƙo.

Thrift da Protocol Buffers, waɗanda aka buɗe wa duniya a 2007 da 2008, sun magance wannan da lambar gurbi. Kowane gurbi yana da lamba a takardar tsari, lambar ce ke tafiya cikin saƙo, ba sunan ba. Kana iya sauya sunan gurbi yadda ka ga dama. Kana iya ƙara sabon gurbi da sabuwar lamba, tsohuwar manhaja ta gan shi, ta duba nau'insa ta san bayit nawa za ta tsallake, ta wuce abinta. Abin da ba a yi shi ne sake ba da lambar da aka yi ritaya. Kamar lambar rumfa ce a kasuwa: idan mai hatsi ya tashi daga rumfa ta 7 aka bai wa mai kananzir, yaron da aka saba aika rumfa ta 7 da kwano zai dawo gida da abin da ba a tuƙa tuwo da shi. Marubucin ya bi sauran tarkunan ɗaya-ɗaya. Idan ka faɗaɗa lamba daga bit 32 zuwa 64, tsohuwar manhaja za ta guntule duk abin da ya fi ƙarfinta. Idan ka ƙara gurbi ka ce wajibi ne, duk tsofaffin saƙonni sun zama ba sa karantuwa.

Avro, wanda ya taso a 2009 daga cikin aikin Hadoop, ya bi wata hanya, kuma bayanin da aka yi masa a nan shi ne mafi tsabta da na karanta. Babu lambar gurbi, babu alamar nau'i, ƙimomi ne kawai a jere. Ba za ka iya kwance saƙon ba sai kana riƙe da ainihin takardar tsarin da aka rubuta shi da ita. Hikimar ita ce ba dole tsarin mai rubutu da na mai karatu su zama iri ɗaya ba. Avro yana ajiye su gefe da gefe ya daidaita gurabe ta sunayensu: wanda mai karatu bai sani ba a watsar, wanda yake nema bai samu ba a cike masa da madadin da aka tanada tun farko. Daga nan doka guda ta fito, mai sauƙin riƙewa: kada ka ƙara ko ka cire gurbi sai mai madadi. Marubucin bai bar tambayar da za ta zo wa kowa ba, wato ta yaya mai karatu zai san tsarin mai rubutu. A babban fayil mai miliyoyin bayanai ana rubuta tsarin sau ɗaya a kai. A rumbun bayanai ana liƙa wa kowane bayani lambar siga, a ajiye tsare-tsaren a wuri guda. A kan layin sadarwa kuwa ɓangarorin biyu suna daidaitawa tun farkon gaisuwa. Ya kuma nuna inda Avro ya yi zarra: idan kana juye rumbun bayanai zuwa fayil kullum, na'ura za ta iya samar da takardar tsari da kanta daga sunayen ginshiƙai, ba sai wani ya zauna yana raba lambobi yana tsoron maimaita tsohuwa ba.

Rabin babin na biyu ya bi bayit ɗin zuwa inda suke tafiya: ta rumbun bayanai, ta kiran wata hidima a intanet, da ta dillalin saƙo irin su Kafka da RabbitMQ. Mafi amfani a nan shi ne sashen rumbu. Manhaja ana iya maye gurbinta cikin mintuna, amma bayanin da aka rubuta shekara biyar da ta wuce yana nan yadda aka bar shi, saboda haka mai rubutu a rumbu yana aika saƙo ne ga manhajar da ba a rubuta ba tukuna. Sannan ya zana wani haɗari da ba ya ƙara idan ya faɗo. Sabuwar siga ta ƙara gurbi, a ce lambar waya ta biyu. Tsohuwar siga ta ɗauko bayanin don ta gyara adireshi kawai, ta kwance shi, ta watsar da gurbin da ba ta sani ba, ta mayar da sauran. Lambar wayar ta tafi, ba kuskuren da aka nuna, ba wanda ya sani sai ranar da aka neme ta.

Tarihi ya gaskata shi da wuri. Siga ta 3 ta Protocol Buffers, wadda ta fito a 2016, ta zo da halin watsar da guraben da ba a sani ba. Masu amfani suka yi ta kuka, sai da Google ya dawo da adana su a siga ta 3.5 a ƙarshen 2017, watanni kaɗan bayan fitowar littafin. Idan kamfanin da ya ƙirƙiri zubin ya iya zamewa a wannan wuri, to gargaɗin ya cancanci shafin da aka ba shi.

Sashen kiran hidima daga nesa ya fi sauri, kuma haka ya kamata. Ya bi gawawwakin CORBA da DCOM da RMI, ya nuna cewa duk sun yi ƙoƙarin sa kiran da ya ratsa hanyar sadarwa ya yi kama da kiran cikin gida, alhali na nesa yana iya ɓacewa a hanya, ko ya isa amsar ce ta ɓace, ka sake aikawa a cire kuɗi sau biyu. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ana gardamar an cire ko ba a cire ba, ba ya bukatar dogon sharhi.

Inda babin ya gaza

Na farko, tsufa ya taɓa shi a wuri guda. Bayanin Protocol Buffers an gina shi ne kan siga ta 2, mai raba gurabe zuwa wajibi da na zaɓi. Siga ta 3 ta soke wajibin gaba ɗaya, saboda an gane cewa gurbin da aka wajabta ba ya ciruwa har abada. Ɗalibin da ya kwafi misalin littafin ya kai wa sabon kayan aiki zai ɗan rikice. Tunanin da ke ƙarƙashi bai lalace ba, hasali ma sokewar ta ƙara tabbatar da shi, amma ya kamata mai karatu ya sani.

Na biyu ya fi damuna. An sallami ASN.1 a sakin layi guda, da cewa yana da sarƙaƙiya kuma bayaninsa bai wadata ba. Gaskiya ne yana da sarƙaƙiya. Amma a babin da jigonsa shi ne juriyar zubi ga shekaru, zubin da aka kafa a 1984 kuma har yau yake aiki ya cancanci a zauna da shi. Takardun shaida na X.509 da ke tsare shafukan intanet da shi aka ƙunshe su. Saƙonnin da waya ke musaya da turken sadarwa a 4G da 5G da shi aka tsara su. Haka nan ISO 8583, wanda ya fito a 1987 kuma na'urorin ATM da POS ke magana da shi, gurabe masu lamba yake amfani da su: gurbi na 2 lambar kati, gurbi na 4 adadin kuɗi, alƙaluma 12 a ƙaramin ma'auni, wato kwabo idan naira ce.  Babin ya fi sanin duniyar kamfanonin intanet na Kalifoniya fiye da ta bankuna da kamfanonin waya, kuma a ƙasashe da yawa ta biyun ce ke ɗaukar matasa aiki. Haka CBOR, wanda ya zama ƙa'idar intanet tun 2013, bai samu kulawa ba, ga shi kuwa daga baya ya shiga makullan shiga shafi ba da kalmar sirri ba, da takardar shaidar rigakafin korona ta Tarayyar Turai a 2021.

Na uku yana da alaƙa da na biyu. Babin bai tambayi ko bayani ɗaya yana fitowa da bayit iri ɗaya kullum ba. Ga mai sa hannu na lantarki wannan ita ce tambayar farko, domin bayit ɗaya ya sauya, sa hannun ya rushe. Protocol Buffers bai yi alƙawarin haka ba: manhajoji biyu na iya ƙunshe abu ɗaya su fitar da jeri daban, duka kuma daidai. Zubin DER na ASN.1 saboda wannan bukatar aka yi shi, hanya ɗaya tak ga kowace ƙima.

Na huɗu shi ne rubutu. Duk kalmomin da ke cikin misalin marubucin haruffan Ingilishi ne zalla, inda harafi ɗaya ke daidai da bayit ɗaya, sai mai karatu ya ɗauka haka abin yake ko'ina. A tsarin UTF-8 haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, bayit bibbiyu suke ci, haka ma yawancin haruffan ajami. Sunan Ɗanlami haruffa bakwai ne, bayit takwas. Ka tambayi Python ko JavaScript tsawonsa su ce 7, ka tambayi Go ko Rust su ce 8. Zubin da ke rubuta tsawon kalma a gabanta bayit yake ƙirgawa, kuma duk wanda ya yanke suna a tsakiyar harafi don ya shiga gurbi, zai haifar da alamomin tambaya da tarkacen da muke gani a wasu takardu da saƙonnin waya. A babin da ke magana kan musaya tsakanin harsunan manhaja, shafi ɗaya kan wannan da ya yi amfani ga mafi yawan mutanen duniya.

Na ƙarshe ƙarami ne. Akwai dangin zubi da ake karantawa kai tsaye ba tare da kwancewa ba: Cap'n Proto na Kenton Varda, wanda ya yi aiki kan Protocol Buffers a Google kafin ya fito da nasa a 2013, da FlatBuffers na 2014, da Apache Arrow na 2016. Sun riga littafin fitowa, kuma suna ƙalubalantar zaton da babin ya fara da shi, cewa siffar bayani a ƙwaƙwalwa dole ta bambanta da siffarsa a kan waya. Ba su samu wurin da ya dace da su ba.

Hukunci

Duk waɗannan giɓi ne na abin da ba a faɗa ba. A cikin abin da aka faɗa, da wuya ka kama marubucin da kuskure ko son kai. Ba ya tallan kowane zubi, ba ya kuma ɓuya a bayan cewa kowanne da amfaninsa. Yana faɗin wanda ya dace da wane aiki da dalilinsa. Turancinsa mai sauƙi ne ga wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana rubuta manhaja, ba lissafi mai nauyi, kuma ana iya karanta babin shi kaɗai ba tare da sauran littafin ba.

Ina ba da shawararsa ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke shirin aikin kammala karatu, da masu haɗa manhajar waya da rumbun banki ko asibiti ko makaranta, da shugabannin ayyuka da ke sa hannu a kan zaɓin fasaha ba tare da sun taɓa ganin bayit ba. A karanta shi da takarda a gefe, a ɗauki bayani na gida mai suna da ƙ ko ɗ a ciki, a ƙunshe shi da hannu a zubi biyu. Bayan haka a haɗa da takardun Protocol Buffers na yanzu don cike abin da ya tsufa. Wanda ya yi wannan, ranar da aka kawo masa sabon zubi ana yabon saurinsa, zai san abin da zai tambaya: idan na ƙara gurbi gobe, me tsohuwar manhaja za ta yi da shi, idan na cire wani me sabuwa za ta sa a madadinsa, kuma wa ke riƙe da takardar tsarin bayan waɗanda suka rubuta ta sun bar aiki. Zubin da ba shi da amsar waɗannan uku, komai ƙanƙantarsa, bashi ne da wani zai biya nan gaba.